Johannes Kepler, Ɗalibin Tauhidi Da Ya Auna Tafiyar Duniyoyi

A cikin mutanen da suka kafa harsashin ilimin sararin samaniya na zamani akwai wani Bajamushe da ya shekara goma yana shirin zama fasto, amma bai taɓa riƙe ikilisiya ba, ko da ta ƙauye. Sunansa Johannes Kepler, wato Yohanna a bakinmu. Shi ya gano dokoki uku da duniyoyi suke bi wajen kewaya rana. 'Ya'yanmu da suka ji sunansa, a ajin kimiyya suka ji shi. Ba a cika faɗa musu cewa ikilisiyar da ya ƙaunata ta hana shi Jibin Ubangiji ba, ko kuwa cewa an ɗaure mahaifiyarsa da sarƙa har wata goma sha huɗu a kan zargin maita, shi kuma ya ajiye aikinsa ya je ya tsaya mata.

An haife shi ran 27 ga Disamba, 1571, a wani ƙaramin gari mai suna Weil der Stadt, kusa da Stuttgart a kudancin Jamus. Bakwaini ne, kuma gidan ba na kwanciyar rai ba ne. Kakansa ya taɓa zama magajin garin, amma arzikin gidan ya riga ya karye. Mahaifinsa Heinrich sojan haya ne, inda aka biya shi nan yake yaƙi, ya yi ta tafiya yana dawowa har wata rana ya tafi ba a sāke ganinsa ba. Mahaifiyarsa Katharina 'yar mai masauƙi ce, ta san ganyaye da saiwoyin magani, tana kuma da kaifin harshe. Agana ta kama yaron tun yana ƙarami, ta bar shi da raunin ido da raunin hannu. Wannan abu ne da ya kamata mai karatu ya riƙe: mutumin da ya bayyana wa duniya tafiyar taurari bai taɓa ganinsu sosai da idonsa ba.

Abu biyu na ƙuruciya ya riƙe har tsufansa. A 1577, yana wajen shekara shida, mahaifiyarsa ta kama hannunsa ta kai shi kan tudu don ya ga wani babban tauraro mai wutsiya da ya firgita Turai duka. A 1580 kuma aka kira shi waje da dare ya ga husufin wata, ya tuna yadda watan ya yi ja. Uwar da ta hau da shi tudun nan ita ce za a ce mayya ce bayan shekara talatin da takwas.

Sarakunan Württemberg mabiya Luther ne, kuma sun kafa tsarin ɗaukar nauyin karatun yara masu ƙwaƙwalwa, komai talaucin iyayensu, don a samu fastoci da malamai. Ta wannan ƙofa Kepler ya shiga. Ya yi makarantar Adelberg daga 1584, ya wuce Maulbronn a 1586, a 1589 kuma ya shiga gidan ɗaliban tauhidi na jami'ar Tübingen. Kafin ɗalibi ya kai ga tauhidi sai ya bi ta harsuna da lissafi da ilimin taurari. A nan ya gamu da malaminsa Michael Maestlin, wanda ya koya masa ra'ayin Copernicus, cewa rana ce a tsakiya, duniyarmu kuma ɗaya ce daga cikin masu kewaya ta. A lokacin, malaman da suka yarda da wannan a Turai duka ba su da yawa. Kepler ya karɓe shi hannu biyu, har ya ga hoton Triniti a cikinsa: rana a tsakiya tana nuna Uba, rufin taurari yana nuna Ɗa, sararin da ke tsakani yana nuna Ruhu Mai Tsarki. Misali ne kawai, kuma kamar dukan misalan da ake kawowa a kan Triniti, idan aka ja shi da nisa zai tsinke. Amma ya nuna mana inda zuciyar saurayin take.

Yana dab da gama karatun tauhidi, a 1594, makarantar Furotesta ta birnin Graz a Ostiriya ta nemi malamin lissafi, shugabannin Tübingen kuma suka zaɓe shi. Bai so ba. Ya tafi da niyyar zai dawo ya ƙarasa ya shiga aikin ikilisiya, amma bai dawo ba. A aji kuwa bai yi kasuwa ba, domin maganarsa takan yi tsalle daga wannan tunani zuwa wancan, har a shekara ta biyu ɗaliban lissafi suka watse, aka ba shi waɗansu darussa ya koyar.

A cikin ajin nan ne, a Yulin 1595, wani tunani ya faɗo masa yana zane a allo. Duniyoyi shida aka sani a lokacin, kuma masana lissafi tun zamanin Helenawa sun san cewa siffofi biyar ne kaɗai ake da su waɗanda dukan fuskokinsu daidai suke. Sai ya ga kamar Allah ya jera siffofin nan biyar a tsakanin duniyoyin shida, su suka ƙayyade nisan kowace. Ya buga wannan a littafinsa na fari a 1596. Tunanin yana da kyau, amma ba gaskiya ba ne, duniyoyin ma sun fi shida. Duk da haka tambayar da ke ƙarƙashinsa sabuwa ce: me ya sa nisan ya zama haka, me ya sa duniyar da ta fi nisa da rana ta fi jinkiri? A wasiƙar da ya aika wa Maestlin a shekarar 1595 ya nuna cewa ya daɗe yana baƙin cikin rasa aikin tauhidi, amma yanzu ya ga ta ilimin taurari ma ana ɗaukaka Allah. Daga baya ya riƙa ɗaukar masana taurari a matsayin firistocin Allah a gaban littafin halitta, waɗanda bai kamata su nemi yabon kansu ba.

Ya auri Barbara Müller a 1597. 'Ya'yansu biyu na fari suka mutu suna jarirai. Sai tsanani ya zo. Mai mulkin yankin, Ferdinand, ɗan Katolika ne mai zafi, ya kori fastoci da malaman Furotesta daga Graz a 1598. An bar Kepler ya dawo saboda amfaninsa, amma a 1600 aka tara mutanen gari aka ce kowa ya zaɓa, ko ya koma Katolika ko ya bar ƙasar. Kepler ya ƙi sāke bangaskiyarsa. Ya ɗora iyalinsa da kayansa a keken doki, dukiyar matarsa kuma, wadda yawancinta gonaki ne, ta yi mummunar asara.

Minti takwas

Birnin Prague ya nufa, wurin Tycho Brahe, wani basarake ɗan ƙasar Denmark mai hancin ƙarfe, domin ya rasa nasa a wasan takobi tun yana ɗalibi. Tycho ya shekara ashirin a wani tsibiri yana auna matsayin taurari dare bayan dare da manyan kayan awo, ba tare da madubin hangen nesa ba, don ba a ƙirƙiro shi ba tukuna. Babu wanda ya taɓa tara awo mai inganci kamar nasa. Yana da ido ba shi da lissafin Kepler, Kepler yana da lissafi ba shi da ido. Zamansu bai yi daɗi ba. Tycho yana rowar takardunsa, Kepler kuma mai saurin fushi ne. Tycho ya mutu ran 24 ga Oktoba, 1601, cikin 'yan kwanaki kuma Sarki Rudolf na Biyu ya naɗa Kepler masanin lissafin fada a madadinsa. Muƙamin babba ne, albashin kuwa sai a takarda.

Aikin da Tycho ya ba shi shi ne duniyar Mars, wadda ta gagari kowa. An ce Kepler ya yi cika bakin zai gama da ita cikin kwana takwas. Sai da ta ci masa kusan shekara shida. Shekaru dubu biyu masana suna gaskata cewa duk abin da ke sama a cikakkiyar da'ira yake tafiya, domin da'ira ita ce siffar da ba ta da aibi, kuma ita ta dace da aikin Allah. Kepler ma haka ya gaskata. Ya maimaita wani dogon lissafi wajen sau saba'in da alƙalami, har ya samu da'irar da ta kusan dacewa da awon Tycho. Amma a waɗansu wurare akwai saɓani na minti takwas. Ga abin da ake nufi: ana raba kewayen sama kashi 360, kowane kashi kuma a sāke raba shi 60, waɗannan ƙananan su ne minti. Faɗin cikakken wata wajen minti talatin ne, saboda haka minti takwas kusan rubu'in faɗin wata ke nan. Da wani ne, da ya ce hannun mai awo ne ya girgiza, ya buga littafinsa, kuma ba wanda zai kama shi. Kepler ya san Tycho ba ya kuskure mai girma haka. Ya ɗauki ingancin awon Tycho a matsayin baiwar Allah wadda raina ta butulci ne, ya zubar da aikin shekaru, ya koma farko.

A ganina wannan shi ne wurin da ya fi kowane nauyi a rayuwarsa ta ilimi, kuma darasin tauhidi ne kafin ya zama na kimiyya. Mutum yana da ra'ayi a kan abin da ya dace Allah ya yi, ya duba ya ga Allah ya yi dabam, sai ya bar ra'ayinsa. Masu wa'azi mun san wahalar wannan, ranar da aya ta ƙi faɗin abin da muka riga muka shirya za ta faɗa.

Abin da ya samu a ƙarshe da'ira ce da aka ɗan matse. Magini idan zai fitar da zagayen rumbu yakan kafa turke ɗaya, ya ɗaura igiya, ya kewaya. To, a kafa turke biyu, a ɗaura bakin igiya mai sassauci a kowanne, a ja ta da tsinke har ta miƙe, a kewaya ana zane a ƙasa. Siffar da za ta fito ita ce hanyar kowace duniya, rana kuma tana zaune a kan ɗaya daga cikin turakun, ɗayan ba kowa. Wannan ce doka ta fari. Ta biyu ta ce duniya takan ƙara sauri idan ta matso kusa da rana, ta rage idan ta yi nisa, a bisa ƙa'idar da ba ta sākewa. Ya buga su a 1609 cikin littafin Astronomia Nova, wato sabon ilimin taurari. Tamu duniyar ma haka take. A farkon Janairu muke fi kusa da rana, wajen kilomita miliyan 147, a farkon Yuli kuma mu yi nisan miliyan 152. Wato lokacin da hunturu yake fasa mana leɓe, muna ƙudundune a bakin wuta, a lokacin ne muka fi kusa da rana. Karkatar duniya ce take kawo sauyin yanayi, nisan nan bai isa ya yi shi ba.

A gabatarwar littafin ya amsa wa masu cewa tafiyar duniya ta saɓa wa Littafi Mai Tsarki, musamman Joshuwa sura 10, inda rana ta tsaya. Amsarsa ita ce, Nassi yana magana da mutane da harshen da suke ji, bisa ga abin da ido yake gani, don ya kai su ga abin da ya fi wannan. Abin da Joshuwa ya roƙa shi ne yini ya tsawaita, Allah kuwa ya gane roƙonsa ya amsa. Zabura 104 waƙar yabon Mahalicci ce, ba a rubuta ta don koyar da lissafin sama ba. Mu ma har gobe cewa muke rana ta fito, rana ta faɗi, kuma ba wanda ya ce mun yi ƙarya.

A Oktoban 1604 wani sabon tauraro ya bayyana, ya fi Jupiter haske, ya yi fiye da shekara ana ganinsa kafin ya dushe. Yau an san fashewar wani tauraro ne, kuma tun daga ranar ba a sāke ganin irinsa da ido a cikin tarin taurarinmu ba. Da yake ya fito kusa da inda Jupiter da Saturn suka haɗu, Kepler ya lissafa baya, ya ga sun yi irin wannan haɗuwa a shekara ta 7 kafin haihuwar Almasihu bisa kalandarmu, ya yi tsammanin wani sabon tauraro da ya biyo bayanta shi ne wanda masana daga gabas suka gani a Matiyu sura 2. Wannan hasashe ne. Abin da ya fi ƙarfi shi ne hujjar da ya kawo cewa wanda ya tsara kalandar ya yi kuskure, an haifi Yesu shekara huɗu ko biyar kafin shekarar da ake ƙirgawa, tun da Hirudus ya mutu a shekara ta 4 kafin kalandar ta fara. Yawancin masana Littafi Mai Tsarki a kan haka suke har yau.

Ba zan ɓoye wani abu ba. Kepler ya yi wa mutane duba da taurari, ɗaruruwan takardun da ya rubuta suna nan har yanzu. Yana cikin aikin masanin lissafin fada a zamanin, kuma da shi yake ciyar da gida sa'ad da albashi ya maƙale. Shi da kansa ya raina yawancin abin, ya kwatanta duba da wawiyar 'ya da take ciyar da uwarta mai hikima, amma bai yar da shi duka ba, ya gaskata cewa sama tana taɓa halin mutum ta wata hanya. A nan bai kamata a bi shi ba. Maimaitawar Shari'a 18 da Ishaya 47 ba su bar ƙofa ba. Abin lura shi ne, dokokinsa ne suka taimaka wajen raba ilimin taurari da bokanci, domin abin da ake iya lissafa tafiyarsa shekaru ɗari gaba, halitta ce mai biyayya, ba mai riƙe da ƙaddarar kowa ba.

Ƙaunarsa ga halitta ba a sama kaɗai ta tsaya ba. Wata rana yana ƙetare gada a Prague, yana tunanin ba shi da abin da zai ba wani abokinsa kyautar sabuwar shekara, sai ƙwayar dusar ƙanƙara ta sauka a rigarsa. Ya lura kowace tana da kusurwa shida. Ya rubuta ɗan littafi a kan wannan a 1611, shi ne kyautar. A ciki ya bi ta kan saƙar zuma da jerin 'ya'yan rumman, ya kuma ce babu hanyar tara ƙwallaye da ta fi cin wuri kaɗan kamar yadda mai lemo yake jera dala a kan tirensa. Kowane ɗan kasuwa ya san haka da hannunsa, amma sai a 1998 wani masanin lissafi, Thomas Hales, ya tabbatar da shi da taimakon kwamfuta. A shekarun nan kuma shi ya fara bayyana cewa hoton abin da muke gani a kife yake sauka a bayan ido, ya goyi bayan Galileo a fili sa'ad da ya ga watannin Jupiter, ya kuma tsara irin madubin hangen nesa da ya fi na Galileo.

Teburin da aka hana shi

Shekarar 1611 ta zo masa da nauyi. Agana ta kama 'ya'yansa uku, ta ɗauke Friedrich mai shekara shida. Sojoji suka shiga Prague, Barbara ta kamu da zazzaɓi ta mutu a Yuli. Sarki Rudolf ya rasa gadon sarautar Bohemia, ya mutu a farkon 1612. Kepler ya koma Linz.

A can, yana cikin makoki, ya je wurin faston ikilisiyar Lutaran, Daniel Hitzler, wanda shi ma a Tübingen ya yi karatu. Hitzler ya nemi ya sa hannu a kan wata takardar koyarwa ta 1577 da ake kira Formula of Concord. Kepler ya yarda da ita sai a batu ɗaya, koyarwar cewa jikin Almasihu yana ko'ina a lokaci guda. Bai ga wannan a Nassi ko wurin iyayen ikilisiya na farko ba, kuma ya ƙi la'antar mabiya Calvin a kai. Ya ce zai sa hannu idan an yarda ya rubuta inda yake da shakka. Aka ƙi, aka hana shi Jibin Ubangiji. Ya kai kuka majalisar ikilisiya a Stuttgart, suka goyi bayan faston, suka ce ya tsaya ga lissafinsa ya bar tauhidi ga masu shi. Ya sāke roƙo ta hannun tsohon malaminsa a Tübingen, a 1619 aka rufe maganar.

Dole ikilisiya ta tsare koyarwarta, kuma teburin Ubangiji ba na kowa da kowa ba ne. Amma a duba wanda aka kora. Mutum ne da ya bar gida da dukiya a Graz saboda wannan bangaskiya. Da ya iya sa hannu da ƙarya a zuci, kamar yadda da yawa suka yi, da ba wanda ya tanka masa. Gaskiyar da ta hana shi ɓoye minti takwas ita ta hana shi ɓoye shakkarsa. Dattawan da suke sa mutum a horo ya kamata su iya bambanta mai taurin kai cikin zunubi da mai lamiri wanda yake tambaya. Kepler bai bar ikilisiyar ba. A 1617 har ya rubuta wa 'ya'yansa da ma'aikatan gidansa ɗan littafin koyarwa a kan Jibin Ubangiji. Da aka yi masa tayin babban matsayi idan zai koma Katolika, ya ƙi. Rabuwar Kirista gida uku ta dame shi har mutuwarsa, kowane gida kuma yana kallonsa a matsayin na wani.

Ya sāke aure a 1613, ya auri Susanna Reuttinger, marainiya 'yar masassaƙi, bayan ya auna mata goma sha ɗaya, abin da ya zama abin dariya a Linz. Auren ya yi albarka, ko da yake sun binne 'ya'ya da yawa. Bayan rasuwar ɗaya daga cikinsu a farkon 1618 ya kāsa ci gaba da busasshen lissafi, ya koma kan wani littafi game da jituwar halitta, inda ya kwatanta tafiyar duniyoyi da muryoyin mawaƙa. A cikin wannan aiki, ran 15 ga Mayu, 1618, ya tabbatar da doka ta uku, wadda ta haɗa nisan duniya da tsawon shekararta. Idan wata duniya ta ninka nisanmu da rana sau huɗu, shekararta za ta zama takwas irin tamu, domin huɗu sau huɗu sau huɗu 64 ne, takwas sau takwas ma 64 ne. Bayan kwana takwas aka jefo wakilan sarki ta taga a Prague, Yaƙin Shekara Talatin ya fara. Littafin ya fito a 1619, da addu'a ya rufe shi, yana roƙon gafara idan ya nemi girman kansa cikin aikin da na Allah ne.

Shari'ar Katharina

Tun 1615 wuta take ci a Leonberg, garin da mahaifiyarsa take zaune. Wata maƙwabciya, Ursula Reinbold, ta ce Katharina ta ba ta abin sha wanda ya sa mata ciwo. Akwai tsohuwar gaba tsakaninsu. Da magana ta fita, sai kowa ya tuna nasa. Malamin makaranta ya ce tun da ya sha wani abu a gidanta ƙafarsa ta shanye. Wata yarinya ta ce tsohuwar ta taɓa hannunta ya yi ciwo. Waɗansu suka kawo zancen dabbobinsu da suka mutu. Aka tara zargi arba'in da tara. A cikin hunturun 1615 zuwa 1616 kaɗai an kashe mata shida a wannan ƙaramin gari da sunan maita, masana tarihi kuma suna ƙiyasta cewa mutum 40,000 zuwa 60,000 aka kashe haka a Turai, yawancinsu mata, a ƙasashen Katolika da na Furotesta duka, da hannun mutanen da suke zuwa sujada kowace Lahadi.

Katharina ba mai sauƙin hali ba ce, ɗanta ma bai ce haka ba. Gwauruwa ce, tsohuwa, ba ta iya karatu ba, tana shiga gidajen mutane da magungunanta, ba a faɗa mata ta yi shiru. Duk wanda ya zauna a ƙauyukanmu ya san irin matar da yatsa yake fara nunawa idan yaro ya yi zazzaɓi aka ce an kama masa kurwa.

A Agustan 1620 aka zo da dare gidan 'yarta, matar wani fasto, aka sa tsohuwar a cikin akwati aka fita da ita don kada gari ya ji. Ta haura shekara saba'in. Aka tsare ta a Güglingen, ɗaure da sarƙa, da masu gadi biyu waɗanda daga dukiyarta ake biyansu. Ɗanta Christoph ya fi damuwa da sunansa da sana'arsa. Johannes, masanin lissafin sarki, wanda sunansa ya fi na kowa abin ɓaci, ya kai iyalinsa Regensburg, ya hau doki ya zo, ya kusan shekara a kan shari'ar. Magatakardan kotu har ya rubuta takaicinsa cewa matar ta bayyana tare da ɗanta masanin lissafi.

Yadda ya yi da Mars haka ya yi da shaidu. Ya nemi a ba shi komai a rubuce, ya bi zargin ɗaya bayan ɗaya. Ya nuna inda maganar mai shaida ta yau ta saɓa wa ta jiya, inda ake ba da labarin abin da ya faru shekaru da yawa da suka wuce, inda ji aka yi ba gani ba, da kuma cututtukan da kowane likita ya san sanadinsu. Takardar kariyar ta kai shafi 128. Cikin abin da aka riƙe a kanta har da cewa ba ta yi kuka a kotu ba, ita kuwa ta amsa cewa ta yi kuka a rayuwarta har hawayen sun ƙare. Malaman shari'a na Tübingen suka yanke cewa hujja ba ta isa a azabtar da ita ba, amma a tsorata ta. A Satumban 1621 aka kai ta ɗakin azaba, aka nuna mata kayan ɗaya ɗaya, aka bayyana mata aikin kowanne. Ta ce ko za a zare jijiyoyinta ba ta da abin da za ta amsa, ta durƙusa ta yi Addu'ar Ubangiji. A Oktoba aka sake ta. Bayan wata shida ta rasu.

Ba wa'azi Kepler ya yi wa kotun ba, bai ma tsaya musun ko akwai maita ko babu ba. Abin da ya nema shi ne abin da Maimaitawar Shari'a 19 ta umarta: shaidu na gaskiya, bincike mai zurfi, da hukunci a kan mai shaidar zur. Ikilisiyar da aka kawo mata tsohuwa ko yaro ana cewa maye ne, wannan sura tana kanta kafin kowace addu'ar korar aljanu, kuma alhakin jinin wanda taron jama'a ya kashe ba ya sauka daga kan shugaban da ya yi shiru.

Sauran shekarunsa yawo ne. A 1626 manoma masu tawaye suka kewaye Linz, wuta ta cinye maɗaba'ar da take buga babban aikinsa. Ya ɗauki takardunsa zuwa Ulm, ya buga shi da kuɗin aljihunsa a 1627. Shi ne jadawalin da aka sa wa sunan Sarki Rudolf, mai ɗauke da matsayin taurari fiye da dubu da hanyar lissafa inda kowace duniya za ta kasance a kowace rana. Da shi ya yi shelar cewa ran 7 ga Nuwamba, 1631, duniyar Mercury za ta ratsa ta fuskar rana. A ranar, Pierre Gassendi, wani firist na Katolika a Paris, ya ga ɗan baƙin ɗigon yana ratsawa. Kepler bai kai ba. Ya tafi Regensburg neman bashin albashinsa, zazzaɓi ya kama shi, ya rasu ran 15 ga Nuwamba, 1630, yana da shekara 58. Waɗanda suke wurin sun ba da labari cewa da aka tambaye shi begensa, ya ce ga aikin Yesu Almasihu kaɗai ya dogara. Aka binne shi a maƙabartar Furotesta a bayan ganuwa, cikin 'yan shekaru yaƙi ya baje wurin, ba a san kabarinsa ba har yau.

A 1687 Isaac Newton ya nuna cewa dokokin nan uku daga ƙarfi ɗaya suke fitowa, wanda yake jawo mangwaro ƙasa yake kuma riƙe wata. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, a nisan wajen kilomita 400, tana kewaya duniya cikin minti casa'in, wata kuma a nisan kilomita 384,000 yana ɗaukar kwana 27, dukansu bisa doka ta uku. A tsakaninsu akwai nisan da kewaye ɗaya yake ɗaukar kwana guda cif, kilomita 35,786. Tauraron ɗan adam da aka ajiye a can, kamar NigComSat-1R na Nijeriya da aka harba a Disambar 2011, tafiya yake tare da juyawar duniya, shi ya sa farantin da ke kan rufin gida yake fuskantar wuri ɗaya shekara da shekaru.

A Maris na 2009 hukumar NASA ta Amurka ta harba wani madubin hangen nesa da ta sa wa sunan Kepler. Ya zuba ido a kan taurari wajen 150,000, yana jiran hasken wani ya ɗan ragu, alamar wata duniya ta ratsa ta gabansa, irin ratsawar da Gassendi ya gani. Ya gano duniyoyi fiye da 2,600 masu kewaya waɗansu ranaku, har da wata da aka sanar a 2011 wadda take da rana biyu. Mansa ya ƙare a 2018, aka aika masa umarnin kashe na'urorinsa ran 15 ga Nuwamba, shekara 388 daidai da rasuwar mai sunan.